Kwanciya ma magani ce: Batun shimfiɗar yaran da ke kan na'urar numfashi

Idan ciwo ya tsananta har likita ya riƙe mutum a asibiti, abin da Bahaushe kan ce shi ne "an kwantar da wane", ko kuma "an ba shi gado". Ba ya ambaton allura ko ƙarin ruwa, gado da kwanciya kawai yake kamawa su tsaya a madadin jinyar baki ɗaya. A ganina harshen ya hango wata gaskiya da mu masu magana da shi muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadda aka kwantar da maras lafiya, da abin da aka kwantar da shi a kai, wani ɓangare ne na maganin kansa. Babu kuwa inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar sashen kulawa ta musamman na ƙananan yara, wanda jama'a suka laƙaba wa suna "ɗakin gobe-da-nisa", inda ake ɗora yaro a kan na'urar da ke taya shi numfashi.

Bari mai karatu ya fara duba halin da irin wannan yaro yake ciki. An zura masa siririn bututu ta baki ko ta hanci har cikin maƙogwaro, na'ura tana tura masa iska. Bututun nan ya ratsa ta tsakanin tantanin maƙwallato, wanda kaɗawarsa ce ke samar da murya, saboda haka ko yaron ya yi kuka, fuska ce kawai za ta yamutse, babu sautin da zai fito. Ga magungunan sa barci da na kashe raɗaɗi, wani lokaci har da wanda ke sakin tsoka gaba ɗaya don kada ya yi kokawa da na'urar. Ni da kai idan muna barci mukan juya sau da dama ba tare da mun sani ba, domin jiki magayi ne, da zarar wani gefe ya gaji zai sanar. Wannan yaro an ɗauke masa juyin, an kuma ɗauke masa bakin da zai nemi a juya shi. Yadda aka ajiye shi haka za a dawo a tarar da shi, ko bayan awa goma ne.

Tarihin wannan fanni da kansa da yara ya faro. A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, kuma daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta shanye musu numfashi a asibitin Blegdam, 27 sun rasu. Wani likitan sa barci a tiyata mai suna Bjorn Ibsen ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, ya riƙa tura mata iska da jakar roba, ta kuwa rayu. Daga nan ɗaliban jami'a kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkunan da hannu, aka kuma haɗa da zuƙe majina da karkata jikin maras lafiya don ta gangaro, sai mace-macen suka ragu da fiye da rabi. A 1955 aka buɗe sashen kulawa ta musamman na yara na farko a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin. Darasin da ke nan shi ne, tun ranar farko hannun ɗan Adam da ke gefen gado shi ne ginshiƙin aikin, na'ura daga baya ta zo ta karɓi matsar jaka, sauran hidimar kuwa tana nan tana jiran hannu.

Abu na farko da kwanciya ke taɓawa shi ne huhu. Idan yaro ya daɗe a rigingine, nauyin zuciya da na kayan ciki yana danne ɓangaren huhu na baya, inda mafi yawan jini ke bi. 'Yan jakunkunan iska na wurin sai su motse, jini ya wuce ta gefensu bai ɗauki oksijin ba, majina kuma ta kwanta a can. Ban da haka, abin da ke cikin tumbi da yawun da ya taru a maƙoshi suna iya silalewa ta gefen bututun su faɗa huhu, su haddasa namoniyar da ake ɗauka a kan na'ura. A 1999 wasu likitoci a Basalona ta ƙasar Sifaniya sun kwatanta manya 86, wasu a kwance shimfiɗe, wasu a kishingiɗe. A cikin na shimfiɗe kashi 34 cikin 100 sun nuna alamun namoniya, a cikin na kishingiɗe kuwa kashi 8 ne kacal. Shi ya sa ya zama ƙa'ida a ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45, ga jarirai sabbin haihuwa kuma ƙasa da haka, matuƙar babu wani dalili da ya hana. Gadon da marikin ɗaga kansa ya karye aka bar shi haka, ya hana yaro wani magani da ba a biyan ko kwabo a kansa.

Sai kwanciyar ruf da ciki, wadda mutane da yawa suka fara jin labarinta lokacin annobar korona a 2020. Dabarar ta girmi korona nesa ba kusa ba, domin tun 1974 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Charles Bryan, ya kawo shawararta. Idan aka kifa maras lafiya, nauyi yana sauka daga bayan huhu, wuraren da suka motse su buɗe, majina ta samu hanyar fita. A 2013 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da likitocin Faransa suka jagoranta a kan manya 466 masu matsanancin ciwon huhu: waɗanda ake kifawa aƙalla awa 16 a rana, kashi 16 cikin 100 suka rasu cikin kwana 28, waɗanda aka bari a rigingine kuwa kusan kashi 33. To amma yaro ba ƙaramin babba ba ne. Gwajin da Martha Curley, wata masaniyar aikin jinya a Amurka, ta jagoranta a kan yara 102, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa kifawa tana ƙara oksijin a jinin mafi yawansu, sai dai ba ta rage kwanakin da suka yi a kan na'ura ba. Don haka matsayar ƙwararrun likitocin yara, wadda suka sabunta a 2023, ita ce ba kowane yaro ake kifawa ba, ana duba yiwuwarta ne ga wanda oksijin ɗinsa ya ƙi hawa duk da sauran matakai.

Kifawar ma tana da ladubbanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum guda zai tsaya a kai ba shi da aiki sai riƙe bututu, sauran kuma su juya jiki a tare bisa ƙirgensa. Ana sa naɗaɗɗen tawul ko matashi ƙarƙashin ƙirji da ƙugu domin ciki ya samu sarari, kada ya tokare numfashi. Ana kare idanu daga dannuwa, a riƙa sauya wa fuska da hannuwa wuri, a kuma sa ran fuska za ta ɗan kumbura. Ba a kifa yaron da ƙashin bayansa ya samu rauni, ko wanda kansa ke da kumburin ciki, ko wanda aka buɗe wa ƙirji ba da jimawa ba. A nan ya wajaba in ja kunnen iyaye: wannan kwanciya ta asibiti ce, inda na'urori ke ƙirga bugun zuciya da numfashi. Lafiyayyen jariri a gida a rigingine ake kwantar da shi barci, domin kifa shi na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci.

Akwai wasu wuraren da yaro ya saɓa wa babba, waɗanda in ba a kula ba gyara kan zama ɓarna. Babba mai ciwo a huhu ɗaya akan kwantar da shi ne a kan gefen lafiyayyen huhun, amma a 1983 likitoci a Landan sun nuna cewa a jarirai sau da yawa akasin haka ne, saboda haƙarƙarinsu mai taushi ne, huhun da ke ƙasa shi ke dannuwa. Haka nan maƙogwaron sabon jariri bai wuce kimanin santimita 4 zuwa 5 ba. Idan wuyansa ya lanƙwashe gaba, bututun zai nutsa, har ya iya faɗawa reshe ɗaya ya bar ɗaya huhun babu iska. Idan kuma wuyan ya miƙe baya, bututun zai yi sama, yana iya fita gaba ɗaya. Ga shi kan jariri babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, ƙeyarsa ta turo, ta yadda ko a shimfiɗa madaidaiciya haɓarsa kan faɗa ƙirji, shi ya sa akan sa ɗan naɗin tawul ƙarƙashin kafaɗunsa. Matashin da babba zai ji daɗinsa, jariri yana iya shaƙe shi.

Cututtukan da suka fi kai yaranmu wannan sashe su ma kowace da kwanciyarta. Yaron da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ko wanda ya bugu a kai a haɗarin babur, ana ɗaga kansa, a daidaita fuskarsa sosai ba tare da ta karkata ba, domin jijiyoyin wuya su samu damar sauke jini daga ka. Mai cutar tetanos, wato sarƙe-haƙora, taɓawa kaɗan kan tayar masa da sanƙarewa, don haka akan tattara hidimominsa a yi su lokaci guda bayan an ba shi magani. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda ya fi ƙamari a Jihar Kano, yakan toshe maƙogwaro, daga baya kuma yana iya raunana zuciya da jijiyoyi, ta yadda juyi cikin gaggawa ba shi da kyau. Wannan ya nuna cewa sanannen ƙa'idar nan ta juya maras lafiya duk bayan awa 2 mafari ce kawai, sai idon ƙwararre ya auna abin da kowane yaro zai iya ɗauka.

Abu na biyu shi ne fata. Inda ƙashi ya danne fata a kan katifa, ƙananan hanyoyin jini suna toshewa, naman wurin ya rasa abinci, ya fara mutuwa, sau da yawa tun daga ciki kafin a gani a waje. Wannan shi ne gyambon kwanciya. A ƙarni na 19 shahararren likitan nan na Faris, Charcot, yana ɗaukarsa a matsayin abin da ba makawa, alamar ajali ya matso, yayin da Florence Nightingale ta ɗora alhakinsa a kan yadda ake jinya. Zamani ya fi gaskata ta. Wani bincike da Curley da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya bi yara 322 a sassan kulawa ta musamman guda uku a Amurka, ya tarar kashi 27 cikin 100 sun samu wannan rauni, da yawansu tun cikin kwanakin farko. Wannan fa a ƙasar da ke da kayan aiki ke nan. A jarirai ƙeya da kunnuwa ne suka fi kamuwa, a manyan yara kuma ƙugu da dunduniya. Gyambon ƙeya idan ya yi zurfi yakan bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kai ba har abada. Kafin tabon ma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: fatar da ta buɗe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta zuwa jinin yaron da dama can yana fama.

Kayan aikin ceton rai su kansu suna cin fata. Bututu yana cin leɓe ko bakin hanci, filasta tana saɓule kumatu, ɗan maƙalin auna oksijin yana cin yatsa idan ba a sauya masa wuri ba, murfin sirinji ko wayar da aka manta ƙarƙashin baya tana shata kanta a jiki. Saboda haka ne ma'aunin da ake amfani da shi don hasashen yaron da ke cikin haɗari, wanda aka fara fitarwa a 1996 da sunan Braden Q, aka sabunta shi a 2018 aka shigar da lissafin yawan na'urorin da ke jikin yaro. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Littattafan koyar da jinya sun daɗe suna cewa alamar farko ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna. A baƙar fata ja ba ya nunawa. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi, ko ya fi zafi ko sanyi, ko ya yi tauri a ƙarƙashin yatsa. Duk wannan sai da haske mai kyau da kuma taɓawa da hannu. Wanda ya tsaya jiran ja a jikin ɗan Bahaushe, sai dai ya ga ƙuraje sun fashe.

To, mene ne shimfiɗa tagari? Katifar da ta dace da nauyin yaron, domin katifar iska da aka ƙera don babba ba lallai ta lotsa a ƙarƙashin jariri mai kilo 4 ba, kuma idan aka ɗauke wuta ta sace, yaron a kan ƙarfe zai kwana. Soso mai inganci da ke rarraba nauyi ya fi dacewa da wurin da lantarki ba shi da tabbas. Zanen gado na auduga, busasshe, a ja shi sumul babu tattara, kuma kada a jibga zannuwa da ledoji a ƙarƙashin yaro, domin suna kashe amfanin katifar, su tara zafi. A watannin bazara, lokacin da gumi ke tsatsafowa ko a inuwa, fatar da ta jiƙa a kan leda ta fi saurin saɓulewa, haka ma wadda ƙunzugu ya daɗe a kanta. Idan za a juya yaro gefe, karkatawa kaɗan ta kimanin digiri 30 da matashi a baya ta fi a ɗora shi kacokan a kan ƙashin kwatangwalo. A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa domin dunduniya ta yi lilo ba ta taɓa komai ba, a tallafi tafin sawu kada ƙafa ta saki ta sandare a haka, a kuma riƙa motsa gaɓoɓi. Idan an ɗaga kan gado, a ɗan lanƙwasa gwiwa domin kada yaro ya riƙa zamewa ƙasa, fata ta tsaya ƙashi ya tafi. Ɗagawa ake yi, ba ja ba. Bakwaini kuwa akan kewaye shi da naɗaɗɗen zane kamar sheƙa, hannuwa da ƙafafu a tattare kusa da jiki, kamar yadda yake a mahaifa.

Wasu abubuwan da muka saba yi da kyakkyawar niyya suna cutarwa. Naɗa gammo a sa ƙarƙashin ƙeya yana tattara nauyi ne a zobe guda, ya datse jini daga tsakiya. Murza wurin da ya fara canza launi da man zafi yana ƙara ƙuje naman da ya riga ya raunana. Ɗura wa yaro ruwa ko wani jiƙo a baki alhali bututu na maƙogwaronsa na iya kaiwa huhu kai tsaye. Uwa ba za ta san waɗannan ba sai an gaya mata, cikin harshen da take ji. Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba: rigingine, ruf da ciki, kishingiɗa, jingina, karkata, tallafa, tokara, kowace da ma'anarta daki-daki. Amma sai a bar uwa a bakin ƙofa, ta leƙo ta ga an kifa ɗanta, babu wanda ya ce mata uffan, alhali an tashe ta a kan cewa kwanciyar ruf da ciki abin ƙi ce. Da nas za ta ce mata, "Maman yaro, za mu kifa shi ne don bayan huhunsa ya buɗe ya sha iska, larura ce ta jinya, kuma muna tsaye a kansa", da hankalinta ya kwanta. Uwa ba za ta juya yaron da ke kan na'ura da kanta ba, amma babu wanda ya fi ta sanin launin fatar ɗanta. Idan aka nuna mata inda za ta duba, an samu ƙarin ido biyu da ba sa gyangyaɗi.

Yanzu sai mu zo ga masu riƙe da lalitar gwamnati da shugabannin asibitoci. Lokacin korona an yi ta rububin na'urorin numfashi, Amurka ma ta ba Nijeriya guda 200 a watan Agustan 2020. Na'ura abar so ce, tana kuma da kyau a hoto ranar yanke ƙyalle. Katifa da zanen gado da tawul da injin wanki ba a kiran 'yan jarida a kansu, shi ya sa sukan faɗo daga lissafi. Mafi tsada a cikin abin da ake mantawa shi ne mutum. A ƙasashen da suka ci gaba, ƙa'ida ita ce nas guda ga yaro guda da ke kan na'ura. Nas ɗin da aka bar wa yara huɗu cikin dare ba za ta iya juya kowa a kan lokaci ba, komai tausayinta, kuma zalunci ne a ɗora mata laifin gyambon da ƙarancin ma'aikata ya haifar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya da Nijar cikin ƙasashe 55 da ke fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, ga shi kuma ƙwararrunmu na ta ficewa waje. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wannan matsayi ba.

Shawarata ba ta da tsawo. Duk takardar kwangilar sayen na'urar numfashi ta ƙunshi gadon da kansa ke ɗaguwa, da katifar yara, da kuɗin horar da waɗanda za su yi aiki da ita. A rataya takarda a kan kowane gado, a riƙa rubuta lokacin da aka juya yaro da gefen da aka mayar da shi da abin da aka gani a fatarsa, kamar yadda ake rubuta allura. Makarantun koyon aikin jinya su koyar da alamun rauni a baƙar fata, da hotunan irin fatarmu. Sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su zauna da likitocin yara su fitar da gajeren bayani cikin Hausa, rubutacce da na saurare a waya, domin iyayen da ba su yi boko ba. Asibitoci kuma su riƙa ƙirga yawan yaran da suka samu gyambon kwanciya a wurinsu, don abin da ba a ƙirga ba, ba a neman maganinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yara da yawa suna fitowa daga ɗakin da muke kira gobe-da-nisa, su girma, su shiga makaranta. Haƙƙinsu ne a kanmu su fito da huhu lafiyayye, da ƙafar da za ta taka ƙasa daidai, da ƙeyar da babu tabo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kwana a tsaye a kansu da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke wuyansu.